Anka a Hannun Mutumin Tudu

Wanda ya saba tsayawa wurin alwala a masallatan Juma'a na ƙasar Kazaure ya san yadda dattijo ke yi da agogonsa. Yakan naɗe hannun riga, ya ɓalle sarƙar ya sassauta ta domin ruwa ya ratsa ƙarƙashinta, ko kuma ya cire agogon ɗungurungum ya aje a kan gwiwa har ya gama. A irin wannan lokaci ne na kusa da shi ke samun damar ganin fuskar agogon sosai. In Rado ne, cikin tsofaffin nan masu launin zinare da gilashi mai yanka-yanka, to a ƙasan ƙarfe goma sha biyu akwai wani ɗan mitsitsin abu zaune a kan jan da'ira. Anka ce, ƙarfen nan mai ƙugiya biyu da ake jefawa ƙasan ruwa don tsayar da jirgi. Kuma ba zana ta aka yi ba. In mai agogon ya karkata hannu sai ta juya, in ya ɗaga hannu ta sake juyawa. Da yawa daga masu irin wannan agogo sun shekara talatin ko arba'in da shi a hannu, sun san tana motsi, jikokinsu ma sun sha yin wasa da ita, amma ba kowa ya taɓa tambayar abin da ya kawo kayan jirgin ruwa Roni ko Gwiwa ba.

Tambayar kuwa tana kan hanya, domin daga Kazaure zuwa gaɓar teku mafi kusa ya haura kilomita 800. Ruwan da muka sani shi ne na dam ɗin Kazaure, da tafkuna, da kududdufan damina, da rafukan da ke janyewa da zarar rani ya kama. Masuncinmu gora ya sani da kwalekwale, in ya so tsayawa ya kafa sanda ya ɗaure. Babu abin da zai yi da anka.

Kamfanin Rado ya samo asali ne a garin Lengnau na ƙasar Suwizalan, inda wasu 'yan'uwa uku 'yan gidan Schlup suka buɗe masana'antar injin agogo a 1917. Sai a shekarun 1950 suka fara fitar da cikakken agogo da sunan Rado. Wanda dattawanmu suka fi riƙewa, mai faɗin kafaɗa kamar garkuwa, sunansa DiaStar, ya fito a 1962. An ƙera jikinsa da haɗin ƙarfen tungsten mai tsananin tauri, aka sa masa gilashin saffir na haɗi, aka tallata shi a matsayin agogon da ba ya ƙarzuwa. Ba ƙarya aka yi ba. Za ka ga sarƙar ta koɗe, maɓallinta ya saki har an ɗaure da zare, amma kafaɗar agogon na sheƙi kamar jiya aka fito da shi daga kwali. Ankar kuwa kamfanin na sa ta ne a agogunansa na otomatik, waɗanda motsin hannu ke yi musu wani. Masu gyara kan ce ranar da ta daina juyawa, alama ce man ciki ya bushe, lokacin wanki ya yi.

Hanyar da agogunan suka biyo suka iso mana ba ɓoyayya ba ce. Tsarabar Makka ce mafi yawansu. A shekarun 1970, da kuɗin man fetur suka shigo, aka biya ma'aikata ariyas na Udoji a 1975, jirage suka riƙa kwasar alhazai daga filin jirgin Kano, kantunan Jidda da Makka da Madina sun cika da Rado da Seiko da Orient da Citizen. Alhaji ya dawo da haƙorin Makka, da zamzam, da dabino, da agogo a hannu, wani lokaci da na biyu a akwati domin ƙane ko suruki. Wanda ƙarfinsa bai kai Rado ba ya ɗauki Seiko 5, wanda kamfanin Japan ya fara yi a 1963, mai nuna rana da kwanan wata a taga ɗaya. Waɗanda aka yi domin kasuwar Larabawa sunayen ranakun da Larabci suke fitowa, don haka almajirin da bai taɓa shiga boko ba yana duba hannu ya karanta Alhamis ko Jumu'a ba tare da ya nemi taimakon kowa ba. Ni a ganina wannan 'yar taga ta sayar da Seiko a ƙasar Hausa fiye da kowace talla.

Akwai kuma alhazan da suka riga waɗannan, na zamanin tafiyar ƙasa, waɗanda suka ratsa Borno da Cadi da Sudan a shekaru, suna tafe suna ƙodago, har suka kai Sawakin ko Port Sudan suka hau jirgin ruwa suka ƙetare Bahar Maliya zuwa Jidda. Su kam sun ga anka ido da ido, sun ji ƙarar sarƙarta tana sauka.

To amma dangantakar agogo da teku ta girmi Rado da nisa, kuma abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne kowane mai azumi a ƙasar nan ya riga ya san tushenta. Da watan Ramadan, kowa ya san mutanen Maiduguri na riga na Kano shan ruwa, na Kano na riga na Sakkwato. Tsakanin Maiduguri da Sakkwato akwai kusan rabin awa, alhali agogonsu ɗaya ne. Dalili shi ne duniya na juya digiri 15 a kowace awa, wato digiri ɗaya a minti 4, kuma tazarar garuruwan biyu daga gabas zuwa yamma ta kusa digiri 8. Ko a nan cikin gida, ladanin Babura na da haƙƙin kiran magariba minti biyu zuwa uku kafin na Gwiwa, saboda Babura ta fi kusa da gabas. Lokacin da Nijeriya da Nijar ke bi an ɗora shi ne a kan layin digiri 15 gabas, Kazaure kuwa tana wajen digiri 8 da 'yan kai, shi ya sa rana ba ta kai tsaka a nan da ƙarfe goma sha biyu daidai. Takan kai ne tsakanin sha biyu da minti goma zuwa sha biyu da minti arba'in, gwargwadon watan da ake ciki. Malamanmu na da, masu auna inuwa da tafin ƙafa kafin su ba da izinin kiran azahar, sun san rana ba ta bin agogo, agogo ne ke ƙoƙarin bin ta.

A juya lissafin nan, sai a samu matsalar da ta addabi matuƙan jiragen Turai ɗaruruwan shekaru. A tsakiyar teku, sanin nisan da ka yi kudu ko arewa ba wuya, tsayin rana ko tauraron arewa ya ishe ka. Sanin nisan da ka yi gabas ko yamma shi ne jidali. Amma in kana da agogon da ya riƙe lokacin garin da ka baro, ka ga rana ta kai tsaka inda kake alhali agogon na cewa ƙarfe biyu a gida, ka san ka yi digiri 30 yamma. Sharaɗin kawai agogon kada ya yi ƙarya, domin kuskuren minti ɗaya a yankin tsakiyar duniya daidai yake da ɓatan kusan kilomita 28, kuma wannan ya isa jirgi ya hau dutse da dare. Agogunan wancan zamani masu lilo ne, da jirgi ya fara tangal-tangal sun rikice. A 1707 jiragen yaƙin Ingila huɗu suka farfashe a tsibiran Scilly, sama da mutum 1,400 suka halaka. A 1714 majalisar ƙasar ta sa ladan fam 20,000 ga duk wanda ya warware matsalar.

Wanda ya warware ta kafinta ne, John Harrison, wanda bai yi karatun jami'a ba, da kansa ya koyi haɗa agogo. Ya shafe kimanin shekara talatin yana ƙerawa yana sakewa. Na huɗunsa, wanda ya kammala a 1759, faɗinsa kusan santimita 13 ne kacal. A 1761 ɗansa William ya hau jirgi da shi zuwa Jamaika, bayan kwana 81 aka auna aka samu kuskurensa daƙiƙa 5 ne. Duk da haka sai da aka ja masa rai shekaru kafin a biya shi, har ya kai kuka wurin Sarki George na Uku yana tsoho tukuf. Wani maƙerin agogo mai suna Larcum Kendall ya kwafi wannan agogo, kuma kwafin ne Kyaftin James Cook ya ɗauka a tafiyarsa ta biyu daga 1772 zuwa 1775, ya zana taswirar tsibiran tekun Pasifik da shi. Shi ya sa da Rado suka yi agogon masu nutso a 1962 suka sa masa suna Captain Cook: zoben da ke kewaye da gilashi ya karkata ciki, hannun awa mai kan kibiya, kwanan wata da jan rubutu, anka a sama, a murfin baya kuma hoton dokin teku, ɗan kifin nan mai kai irin na doki. Shekaru kaɗan suka yi suna yin sa suka daina, sai a 2017 suka dawo da shi da suka ga masu tara tsofaffin agogo na rububin na asali.

Ba Captain Cook ne ya cika hannayen dattawanmu ba, amma abin da teku ta koya wa maƙera ya shiga kusan kowane agogon da suka sayo. A 1926 Rolex ya fito da Oyster, wanda murfin bayansa da kan da ake murɗawa a yi wani duk ɗaure suke da zare irin na kusa, ruwa ba ya samun kafa. Shekara ɗaya bayan haka wata 'yar Ingila, Mercedes Gleitze, ta rataya shi a wuya ta yi sama da awa goma tana iyo a mashigin ruwan da ke tsakanin Ingila da Faransa, aka fito da shi yana aiki. A 1953 Blancpain ya yi Fifty Fathoms domin sojojin nutso na Faransa, Rolex ya yi Submariner. Daga nan siffar ta zauna: baƙar fuska, manyan alamomi masu haske a duhu, zobe mai juyawa da mai nutso ke saita shi a kan hannun minti don ya san tsawon zamansa a ƙasan ruwa, da injin otomatik domin kada a riƙa buɗe kan wani kullum robar da ke tare ruwa ta gaji.

Duk wanda ya zauna a ƙasar nan ya dubi wannan jeri zai ga kamar da mu aka yi shawara. Abin da ke kashe agogo a Babura ba gishirin teku ba ne, ƙurar hunturu ce, wadda daga Nuwamba zuwa Fabrairu take shiga akwati a kulle, ta shiga kwano a rufe. In ta samu kafa ta shiga inji, sai ta haɗu da mai ta zama abin da ke cin haƙoran ƙafafun agogo a hankali. Robar da aka sa don ta tare ruwa ita ce ke tare ta. Sai gumin bazara, na Afrilu da Mayu, mai cinye maɗaurin fata cikin 'yan watanni, shi ya sa da wuya ka ga dattijo da agogo mai fata, sarƙar ƙarfe ce abin yi. Sai ruwan alwala sau biyar a yini, shekara da shekaru. Sai duhun asuba a garin da wuta ba ta zama, inda alamomin nan masu haske ke gaya wa mai sahur ko saura lokaci, ba sai ya laluba ashana ba. Sai kuma rashin buƙatar batir: manomin da ke ƙauye mai nisa da kasuwa, muddin yana ɗaga fartanya, wani ɗan faifan ƙarfe mai siffar rabin wata na lilo a cikin agogon yana ɗaure sifirin. Aikinsa ne abincin agogonsa. Ba banza Hausawa suka yi wa agogo kirari da sarkin aiki ba.

A wajen masu kuɗin duniya, labarin ya ɗauki wata hanya a shekarun 1970. Seiko ya fito da agogon hannu mai batir irin na kwatz na farko a Disambar 1969, ba a jima ba aka samu agogo mai araha da ya fi duk wani mai sifirin faɗin gaskiya. Kamfanonin Suwizalan da yawa suka durƙushe. Waɗanda suka tsira sun daina sayar da lokaci, sun koma sayar da ƙira da suna. Wani mai zane ɗan Janiba, Gérald Genta, ya zana wa Audemars Piguet agogon Royal Oak da ya fito a 1972, mai kusurwa takwas da kusoshi takwas a fili, wanda ya ce hular ƙarfen masu nutso ce ta ba shi tunaninsa. Ya kuma zana wa Patek Philippe agogon Nautilus, wanda ya fito a 1976. Wannan tagar jirgin ruwa ya kwaikwaya: fuskar ba da'ira ba ce, ba kuma murabba'i ba, gefe da gefe akwai 'yan kunnuwa biyu a madadin hinjin da ke matse tagar, a fuskar kuma an ja layuka a kwance. Yana jure zurfin mita 120. Sunan kuwa na jirgin ƙarƙashin teku ne da ke cikin wani littafin Jules Verne na 1870. Abin da ya girgiza kasuwa shi ne duka biyun da baƙin ƙarfe mara tsatsa aka yi su, aka kuma sa musu kuɗin da ya fi na agogunan zinare da yawa. A Disambar 2021 an yi gwanjon wani Nautilus na ƙarfe mai shuɗiyar fuska a birnin New York a kan dala miliyan 6.5.

Wannan sauyi ya yi wa attajirin Musulmi daidai ba tare da an nufe shi ba. Shari'a ta hana namiji ado da zinare, malamai kuma na yawan tunatarwa a kai. Agogon alfarma na ƙarfe zalla ya cire wannan damuwa. Su ma Rado masu launin zinare da dattawa ke ɗaurawa, yawancinsu launi ne aka hau da shi a kan ƙarfe mai tauri.

Yau siffar Nautilus ta iso Kazaure, amma ta ƙofar baya. Tana kan faifan masu talla a tasha, tana hannun angwaye da abokan ango, an kwafi kunnuwan, an kwafi layukan, an rubuta sunan, a ciki kuwa ɗan inji ne na roba da batir. Ba na ganin laifin saurayin da ke son ya yi kyau ranar ɗaurin aure, kuma kowa ya san ba wanda ake yaudara a wannan ciniki. Abin da ke damuna shi ne an ɗauko fatar an bar naman. Kunnuwan na asali aiki suke yi, su ke matse robar da ke tare ruwa. A jabun ado ne kawai, alwala uku ta isa ka ga hazo ya kwanta a ƙarƙashin gilashi. Casio na roba mai lambobi, wanda bai yi da'awar komai ba, ya fi shi mutunci, haka ma Al-Fajr mai tunatar da lokacin salla. Balle tsohon Seiko 5 da ke kwance a ƙasan adaka tun rasuwar mai shi, wanda kuɗin wankinsa ba zai wuce na jabu biyu ko uku ba.

Masu wankin ne ke ƙarewa. A da, kusan kowace babbar kasuwa tana da mai gyaran agogo a bakin hanya, da ɗan akwatinsa na gilashi, da madubin da yake maƙalawa a ido ɗaya, da hantsaki, da gwangwanin da ya tara gawarwakin agogo don cire kayan gyara. Wayar hannu ta ɗauke masa kasuwa. Da yawa sun koma sa batir da rage sarƙa, yaransu sun tafi gyaran waya. Wanda ya rage cikin tsofaffin, in ka miƙa masa Rado, ba ya buɗewa nan take. Yakan girgiza shi a hankali ya kai kunne, ya karkata shi ya ga ko ankar za ta juya, sannan ya ɗago ya ce, "Alhaji, yaushe rabonsa da wanki?" Amsar kusan kullum ita ce, "Malam, ai tunda na saye shi bai taɓa tsayawa ba." Shi kuma ya ce, "To ai shi ya sa, ranka ya daɗe. Yana tafiya ne a bushe."

In ya buɗe murfin ya ba ka madubin ka duba, za ka ga anka ta biyu, wadda ba a yi ta don a gani ba. Wani ɗan ƙarfe ne mai hannu biyu, kowane hannu da ɗan jan dutse na yaƙutun haɗi a bakinsa, yana kai da komo yana kama haƙoran wata ƙafa yana saki. Shi ne ke yin ƙarar da kake ji in ka kai agogo kunne, shi ne kuma ke hana sifirin warwarewa gaba ɗaya. A Seiko 5 yakan buga sau 6 a daƙiƙa, sau 21,600 a awa, sama da rabin miliyan a yini. Ɗigon man da ke kan waɗannan duwatsu ido ba ya ganinsa, kuma zafin ƙasarmu na busar da shi da wuri. Robar murfin ma haka, bayan 'yan shekaru takan sandare ta tsage, agogon da aka yi don teku ya koma yayyafi ma yana shigarsa. Rubutun mita 30 ko 50 da ke bayan murfi maganar ranar da ya bar masana'anta ce, ba ta yau ba.

Wanda ya gaji irin wannan agogo, ko aka yi masa kuɗi a rabon gado ya faɗo a kasonsa, abu uku zai roƙi mai gyara: a wanke injin a sa mai, a sauya robar murfi da ta kan wani, a bar fuskar yadda take. Kada a sake mata fenti, kada a sauya hannayen da sababbi don sun dushe, kada a goge jikin da inji har kusurwoyinsa su mutu. Masu sayen tsofaffin agogo a duniya dushewar nan suke biya, fuskar da aka sake wa fenti kuwa darajarta faɗuwa take yi warwas. In a Kazaure ko Babura ba a samu mai kayan aikin ba, Kano ba nisa, har yanzu akwai tsofaffin hannu a Sabon Gari da suka san cikin Rado da Seiko. A nemi wanda zai buɗe a gabanka, ya kuma mayar maka da duk abin da ya cire.